HAƘƘIN HANYA DA MAI ƊAUKAR HOTO: TAMBAYAR WANI DATTIJO A ƘOFAR RINI

Wata ranar Alhamis da hantsi muna tsaye a bakin titi a Ƙofar Rini, cikin birnin Sakkwato, muna jiran abokin tafiya, sai ga wata mota ta tsaya kusa da inda waɗansu mabarata suke zaune a inuwa. Samari biyu suka fito, ɗaya riƙe da ƙullin abinci, ɗayan kuwa ya ɗaga wayar hannu sama. Mai abinci ya durƙusa ya miƙa wa wani dattijo, amma bai saki ƙullin ba sai da abokinsa ya ce masa hoto ya fita. Dattijon nan ya karɓa ya yi godiya, sa'an nan ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya ce wa mai wayar, "Ɗana, abinci na gani, Allah shi saka da alheri. Amma hotonga, ina za ka kai shi?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, ba komi, don jama'a su gani su taimaka ne." Suka shiga mota suka wuce, 'yan kabu-kabu suka ci gaba da hirarsu, dattijo ya daɗe bai buɗe fuskarsa ba.

Ba mu san samarin nan ba, ba mu kuwa zarge su da mugun nufi ba. Mai yiwuwa ne ma da zuciya ɗaya suka zo. Amma tambayar da aka yi musu ba su amsa ta ba, kuma ita ce muke so mu tattauna da masu karatu a wannan mako. Ba maganar halarcin hoto ko haramcinsa muke nufi ba. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wannan, waɗansu sun taƙaita shi ga lalura kamar fasfo da katin shaida, waɗansu sun sassauta. Abin da ke gabanmu dabam ne: ko da mun ɗauka hoto ya halatta, shin ya halatta ka ɗauki na wani ba da saninsa ba, ka kuma watsa shi ba da yardarsa ba, don kawai ka same shi a kan hanya?

GARIN DA AKA GINA A KAN SALLAMA

Ya dace a yi wannan tambaya a Ƙofar Rini, domin ƙofa ce. Tana cikin tsofaffin ƙofofin birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, tare da irin su Ƙofar Kware, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Atiku, da Ƙofar Kaɗe. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya ba da labarin cewa ana rufe ƙofofin birnin da faɗuwar rana. Yau ganuwa ta zube, gidaje sun hau gurbinta, sunan ƙofa ya zama sunan unguwa. Amma tsarin da kakanninmu suka yi yana nan ga mai lura. Baƙo ya wuce ƙofar gari, ya bi lungu, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, a shigar da shi zaure, daga nan kuwa ba ya ƙara taku ɗaya sai an ce ya shigo. Ko wane mataki da izininsa. Maginin da ya karkatar da ƙofar zaure don kada na waje ya hangi tsakar gida, fiƙihu yake aiki da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Asalin wannan kuwa sananne ne. A aya ta 27 ta Suratun Nur Allah Maɗaukakin Sarki ya hana shiga gidajen mutane sai an nemi izini an yi sallama, a ayar da ke biye kuma ya ce in an ce a koma, a koma. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Annabi, mai tsira da amincin Allah, ta wata kafa, Annabi ya yi masa gargaɗi mai tsanani, ya kuma bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Wato ba ƙafa ake tsarewa ba, gani ake tsarewa. Bisa wannan ne malaman Malikiyya, a littattafan da alƙalanmu suka karanta irin su Muhtasar na Halil, suka hukunta cewa in mutum ya buɗe taga da za ta tona cikin gidan maƙwabcinsa, to, a tilasta masa ya toshe ta, ko da a cikin mulkinsa ya buɗe.

To, mai karatu zai ce, ai wannan duk maganar gida ce, shi kuwa dattijon Ƙofar Rini a bakin titi yake zaune, kowa na ganinsa. Wannan ita ce hujjar masu ɗaukar hoto a ko'ina cikin duniya, kuma ba hujja ce ta banza ba. Sai dai Shari'a ba ta bar hanya haka sakaka ba. A hadisin Abu Sa'idu Alhudri, wanda shi ma Buhari da Muslim suka fitar, Annabi ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka ce ba su da makawa, nan ne wurin hirarsu, sai ya umurce su su ba hanya haƙƙinta, ya kuma lissafa: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da alheri, da hani ga mummuna. A lura da abin da aka fara ambata. Mai wucewa ya fito ne don buƙatarsa, bai fito don a ƙura masa ido ba. In kuwa kallo na ɗan lokaci, wanda ke gushewa da an wuce, yana da iyaka, ina ga kallon da aka ɗaure a cikin waya, aka raba wa mutum dubu, kuma ba ya tsufa ba ya mutuwa?

Nan ne bambancin yake. Wanda ya ga dattijon nan yana bara a Ƙofar Rini, ya gan shi ne a wurin, a wannan sa'a. Hoto kuwa zai kai shi ƙauyensu, wurin surukansa da ke zaton sana'a yake yi a birni, da wurin jikarsa da ake neman aure. Bayan shekara goma, ko Allah ya buɗa masa, hoton na nan yana cewa mabaraci ne.

DA DA YANZU

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna yadda hoto yake a da. Sai mutum ya yi niyya, ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya tafi shagon mai hoto ko ya aika a kira shi ranar Salla. A gyara masa zama, a gyara hula, ya biya, ya jira kwanaki a wanke. Yarda a cikin cinikin take, ba a ma bukatar a ambace ta, gama kai ne ka kai kanka. Fim yana da tsada, ba mai ɓarnar da shi a kan baƙon da bai sani ba. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka sami mai kyamara da intanet a cikinta, sai kowane yaro ya zama mai hoto, kuma mai gidan jarida, ba edita ba mai tsawatawa.

Amma kada mu ɗora wa yaran yau abin da ba su suka fara ba. Mutanen Sakkwato sun riga kowa sanin cewa hoto na iya zama makami. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Masana tarihi sun ruwaito cewa an ɗauki hotunan gawawwakin shugabannin da suka faɗi a can, bayan an yi musu wulaƙanci, aka riƙa nunawa a ƙasar Arewa don a karya zukatan masu sauran niyyar turjiya. Ba wanda ya tambayi iyalansu. Mai ƙarfi ne ya ɗauki hoton wanda ya fi ƙarfi, don amfanin kansa, kuma har gobe yawancin hoton da ake ɗauka ba izini haka siffarsa take.

Abin mamaki, shekara biyar kafin Burmi, irin wannan ya faru a Turai, aka ɗauke shi babban laifi. A 1898, da Bismarck, tsohon shugaban gwamnatin Jamus, ya mutu, waɗansu masu hoto biyu suka saci jiki suka shiga ɗakin da gawarsa take suka ɗauka don su sayar. Iyalinsa suka kai ƙara, aka ƙwace hotunan, aka ɗaure mutanen. Wannan na cikin abin da ya jawo dokar Jamus ta 1907, wadda ta ce ba a watsa hoton mutum sai da yardarsa, in ya mutu kuma sai da yardar danginsa har shekara goma. Dokar ta keɓe manyan al'amuran zamani, da taron jama'a, da wanda ya faɗo cikin hoton wani wuri ba shi aka nufa ba.

Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A Kanada wani mai hoto ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara 17 tana zaune a matakalar wani gini a birnin Montreal, wata mujalla ta buga. Hoton ba na batsa ba ne, ba na wulaƙanci ba. Duk da haka a 1998 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar mata da diyyar dala 2,000 a ƙarƙashin dokar lardin Kwibek, don ba a nemi yardarta ba alhali neman ba wuya. A Amurka kuwa akasin haka aka yi. Wani mai hoto, Philip-Lorca diCorcia, ya kafa kyamara a dandalin Times Square na birnin New York tsakanin 1999 da 2001 yana ɗaukar masu wucewa ba su sani ba. Cikinsu har da wani dattijo Bayahude mai riƙo da addininsa, Erno Nussenzweig, tsohon ɗan kasuwar lu'ulu'u. Sai a 2005 ya ji cewa ana sayar da fuskarsa, kowane kwafi dala 20,000 ko fiye. Ya kai ƙara, ya ce addininsa bai yarda da wannan ba. Kotu ta kori ƙarar a 2006, ta ce aikin fasaha ne doka ta kare shi, a 2007 kuma kotun sama ta ce ma ya makara. Alhazanmu 'yan kasuwa su auna wannan a kansu: a sayar da fuskarka a kan kuɗin da ya fi jarin wani, ba a gaya maka ba, balle a ba ka ko sisi.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

A nan gida, ba wata doka guda da ta ce kada a ɗaga kyamara a kan titi. Sashe na 37 na Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka, ba wanda aka ɗauka ba, ko da yake wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin gidansa yana da ikon hana a watsa shi. Wadda ta fi kusa da maganarmu ita ce dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman a Abuja. Hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Dokar ta ce in da yarda aka dogara, wanda ya ɗauki bayanin shi zai tabbatar an yarda, mai yarda yana iya janyewa, yaro kuwa sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Ta sassauta wa aikin jarida da na ilmi da na fasaha inda akwai amfanin jama'a, ta kuma keɓe abin da mutum ya yi don kansa da iyalinsa.

Akwai wani wuri a cikinta da ya kamata ma'aikatan gwamnati su riƙe, inda ta ce shiru ba yarda ba ne. Mu a nan mun saba cewa shiru ma amsa ce. Amma malaman usulu sun riga dokar da ƙarnuka, da ƙa'idarsu cewa ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana. Talakan da ya ga mota mai lambar gwamnati, ya ga mutane da takardu a hannu, ba zai ce a'a ba. Matar da ta kawo ɗanta mai tamowa asibiti tana jiran a ba ta abincin yara, in aka ɗaga waya a kanta, sai ta sunkuyar da kai kurum, don tana tsoron in ta yi magana a cire sunanta. Wannan kunya ce da tsoro, kuma abin da aka karɓa ta hanyar kunya malamai ba su ɗauke shi kyauta ba. An ruwaito cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. In haka ne game da kwabonsa, mutuncinsa ai ya fi kwabo.

Gaskiyar magana kuwa, dattijon Ƙofar Rini ba zai rubuta wa wata hukuma a Abuja takarda ba, ba kuwa zai ɗauki lauya ba. Doka a nan kariya ce ga mai ilmi da mai hali. Shi ba shi da wani mai tsaro sai tsoron Allah na wanda ke riƙe da wayar.

NAMU LAIFIN

Wannan ya kawo mu ga kanmu, mu masu karanta wannan shafi. Ba Bature mai yawon buɗe ido ne ya fi ɗaukar hoton talakan Sakkwato a yau ba. Mu ne. Ɗan kasuwa zai fitar da zakka, sai a jera mutane a rana kowa da buhu a gabansa, a ɗauka a sa a Facebook da WhatsApp. Ma'aikaci zai rubuta rahoton aiki, sai ya cika shi da fuskokin zawarawa da marayu. Ƙungiya za ta nemi taimako daga waje, sai ta zaɓi almajirin da ya fi kowa tsumma. Mota ta yi haɗari, kafin a sami mai ɗaukar wanda ya ji rauni an sami masu ɗaukar hotonsa goma, har uwa ta ga gawar ɗanta a waya kafin a zo mata da ta'aziyya. Mu kanmu masu wannan rubutu mun taɓa tsayawa a irin wannan layi muna murmushi, hannunmu a kan buhu, ba mu tambayi kowa ba.

Alƙur'ani ya yarda a bayyana sadaka, a aya ta 271 ta Suratul Baƙara, amma ya ce ɓoye ta a kai wa matalauta shi ya fi. A aya ta 264 kuma ya yi kashedi kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Mai bayarwa yana da ikon bayyana kyautarsa don wani ya yi koyi. Ba shi da ikon bayyana talaucin mai karɓa, domin wannan ba nasa ba ne. In ofis na bukatar shaida cewa kaya sun isa, akwai rajista, akwai sa hannu da dangwale, akwai hoton kayan da na wurin, ana kuma iya ɗauka daga baya ko daga nesa yadda ba a gane kowa. Mai binciken kuɗi bai taɓa cewa sai ya ga hawayen bazawara kafin ya yarda da lissafi ba.

Maganar mata da 'yan mata masu talla ta fi wannan nauyi, kuma ba ta bukatar dogon bayani ga wanda yake da 'ya. Hoton yarinya ɗaya da aka ɗauka tana dariya a bakin hanya, aka rubuta wata magana a ƙarƙashinsa, ya isa ya fasa aure. Suratul Hujurati a aya ta 11 da ta 12 ta hana izgili da bin diddigin asirin mutane da giba, kuma duk ukun suna iya haɗuwa a hoto guda ba a furta kalma ko ɗaya ba.

Kada kuma a juya maganarmu. Ba mu ce a farfasa wayar kowa ba, ba mu ce a taru a kan baƙo a yi masa duka don ya ɗaga kyamara ba. Hukunci na alƙali ne. Wanda ya ɗauki taron Idi a Faƙon Idi, ko hawan Sarkin Musulmi, ko cikar kasuwa, bai zalunci kowa ba, gama taro ya ɗauka, kuma da irin waɗannan hotuna ne jikokinmu za su san yadda garinsu yake. Haka nan mai riƙe da amanar jama'a a bakin aikinsa ba zai fake da wannan ba. Ma'aikacin da aka ɗauka yana karɓar cin hanci a kan hanya, ko ɗan kasuwar da aka ɗauka yana tauye mudu, ba shi da bakin cewa an keta sirrinsa, domin aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar ya ɗaga murya. Abin takaici shi ne mun juya al'amarin: babba, wanda ya kamata a sa wa ido, shi ke da masu hana a ɗauke shi, ƙarami kuwa, wanda ya kamata a suturta, shi ne kowa ke ɗauka.

Masu hoto na sana'a za su ce in an tambaya, hoto ya lalace, mutum zai shirya fuska. Wani lokaci haka ne. To, a ɗauka, sa'an nan a je a yi sallama, a nuna masa, a gaya masa inda za a kai, in ya ce a goge a goge a gabansa. Yaro kuwa a nemi ubansa ko malaminsa. Hoton da aka rasa ta wannan hanya, da ma ba rabon mai ɗauka ba ne.

Bayan mako guda mun koma Ƙofar Rini da niyyar mu gwada abin da muke faɗa. Muka yi wa mutane sallama, muka ce daga jarida muke, muna son hoto, ga kuma inda zai fito. Wani mai gyaran babur ya ce a ɗauka, har ya kira yaransa su shigo. Wata mai fura ta ce mu ɗauki ƙoren da ludayin, ita dai ban da fuskarta, don maigidanta bai sani ba. Wani malami ya ce a'a, bai ba da dalili ba, mu ma ba mu nema ba.

Dattijon nan muka same shi a inuwarsa. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka tuna masa da tambayarsa, muka ce, "Baba, in mun ce muna son hotonka, ka yarda?" Ya yi shiru, ya dubi rigarsa, ya ce, "Ba yau ba. Ku komo ran Jumma'a in na sa ta kirki, ku ɗauke ni ƙofar masallaci, ba nan ba. Ku kuma wanko mini guda, in aika ma ɗiyata."